Kyaftin da Tudun Rumfar Jirgi

Ba a gona aka raɗa masa Kyaftin ba. Mutanen gona sun san aikinsa sarai, ba mai ɓata bakinsa a kan haka. 'Yan unguwarsu ne suka laƙaba masa sunan, tun ranar da suka ga ya dawo gida cikin rigar aiki mai haɗe da wando, da hula mai baki a gaba, yana warin man jirgi. Mai shayin bakin layi ne ya fara cewa, "A'a, Kyaftin, an sauka lafiya?" Shi kuwa ya gyara zaman hula ya ce, "Lafiya lau, sai dai iska." Shi ke nan suna ya bi shi har tsufa.

Kafin wannan rana lebura ne kamar kowane lebura. Ya baro garinsu tun gemu bai fito masa ba, kuma yayansa ne sanadi. Yayan nan, mai kanti a garin, irin mutanen nan ne da in ka ɗaura igiya sai sun kwance sun sake ɗaurawa, ko da kuwa daidai ka ɗaura. Komai ƙanen ya taɓa sai ya ce, "Kawo nan, kai ba ka iya ba." Da abin ya ishe shi sai ya tattara 'yan komatsansa ya shiga duniya. Ya yi dako a kasuwa, ya tura baro, ya yi aikin gini, daga ƙarshe ya samu shiga wata babbar gonar kamfani inda ake noman auduga da masara, gonar da in ka tsaya a wannan gefe ba ka hango wancan. Da ya ga ya samu wurin zama sai ya auri wata tela mai kaifin almakashi da kaifin harshe, suka kama haya a cikin gari, yana zuwa aiki a kan keke.

Gonar tana da ɗan jirgin sama na feshin maganin ƙwari. Ba wani babba ba ne: kujera ɗaya, farfela ɗaya a hanci, tayoyi biyu a gaba, da wata 'yar mitsitsiyar taya a ƙarƙashin wutsiya. Da safe matuƙinsa kan tashi da shi ya yi ta shawagi ƙasa-ƙasa a kan auduga, da yamma a tura shi cikin wata tsohuwar rumfar kwano da ke gefen filin sauka. Rumfar a kwari take, ba kuma wanda ya taɓa damuwa da haka, sai wata damina da aka kwana ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da gari ya waye aka tarar da jirgi tsaye cikin ruwa har ciki, kwaɗi sun kafa majalisa a kan fiffike.

Manaja ya tara ma'aikata, kowa ya naɗe ƙafar wando yana tsaye cikin taɓo. Ya yi faɗa har ya gaji, sannan ya ce yana son jin yadda za a yi kada a sake ganin wannan abin kunya. Bakanike ya sunkuyar da kai, matuƙi ya ɗaga nasa yana duban sama. Can daga baya sai aka ji wata murya ta ce:

"Ranka ya daɗe, ai ruwa ba ya hawa tudu."

Manaja ya waiga ya dubi tudun da ke bayan filin sauka kamar yau aka dasa shi. Ya ce, "Wa ya yi wannan magana? Fito nan." Leburan ya fito yana goge hannu a wando. Manaja ya dafa kafaɗarsa a gaban kowa ya ce, "Kun ji mai kai. Duk karatunku ba wanda ya tuna da wannan."

Tunda uwarsa ta haife shi ba a taɓa karɓar shawararsa ba sai ranar. Da ya koma gida ya ba matarsa labarin tana yanka, ya sake ba ta tana ɗinki, ya kuma maimaita tana guga. Ta ce, "To Allah ya sa alheri. Amma dai ni na san duk abin da aka ɗora a sama sai an samu mai ɗorawa." Ya ce mata ita dai ba ta san sha'anin jirgi ba.

Aka gina rumfa sabuwa fil a kan tudu, da daɓen siminti da ƙofar ƙarfe mai zugewa. Ranar da aka gama, matuƙi ya sauka daga feshi, ya gangaro da jirgi har gindin tudu, ya kashe inji, ya diro. Ya dubi rumfa can sama, ya dubi manaja.

"To, wa zai kai shi?"

Manaja ya ce, "Ka tuƙa shi mana ka hau."

Matuƙi ya ce, "Ranka ya daɗe, da wutsiya yake shiga, don gobe ya fito da hanci. Jirgi kuwa ba shi da ribas. Ko da yana da shi, in na kunna farfela a bakin ƙofar can, sai dai mu je gonar maƙwabta tsintar kwanon rufi."

Nan take fuskar manaja ta washe. Ya ce, "Ina mai shawarar nan?"

Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Nan take aka naɗa shi mai kula da shiga da fitar jirgi, aka ba shi rigar aiki da hula. Ita ce hular da mai shayi ya gani.

Tudun ba wani dutse ba ne. In kana tafe hannu rabbana ba za ka ma ce hawa kake ba. Sai ka sa kafaɗa a jikin jirgi sannan za ka san ƙasa tana da ra'ayinta. Bakanike ya ƙera wani dogon ƙarfe mai baki biyu da ke cafke 'yar tayar wutsiya. Kyaftin ne ke riƙe da wannan ƙarfe, yana tafiya da baya da baya, yana ja yana saita hanya, sauran mutane suna turawa daga gaba a kan ƙarafan da suka tokare fukafukai. Ba a dafa fiffiken kansa, don fatarsa ba ta fi ta ganga kauri ba. Ba a kuma taɓa farfela, ko da wasa. Ƙofar rumfa an auna ta ne kamar da rowa, in jirgi ya shiga daidai abin da ke raguwa a kowane gefe bai wuce faɗin tafin hannu ba. A can ƙarshe kuma, inda tsakuwa ta haɗu da daɓe, magini ya bar wani ɗan tozo. A nan numfashin kowa ke ƙarewa. In aka ce a huta, sai a yi maza a cusa waigi, wato guntun katakon da ake tare taya da shi, in ba haka ba duk gumin da aka yi ya koma gindin tudu.

Amma turawar ba ita ce babbar wahala ba, samun masu turawa ne. Jirgi yakan gama aiki daidai lokacin da kowa ke wanke hannu zai tafi gida. Ba a daɗe ba duk wanda ya hango hular Kyaftin daga nesa sai ya tuna yana da uzuri. Direban tarakta ya shige ƙarƙashin taraktarsa yana neman abin da bai ɓace ba. Mai sito ya taɓa kulle kansa a cikin sito. Dole Kyaftin ya koyi dabara. Sai ya tari mutum da fara'a, ya tambayi iyali, ya tambayi mai jiki, ya ja shi da hira suna tafe suna tafe, mutum bai ankara ba sai ya gan shi a gindin tudu.

"To tunda Allah ya kawo ka nan, ɗan sa mana hannu."

Da an kama aiki kuwa fara'a ta ƙare. Sai ka ji muryarsa har bakin titi: "Ku ƙara! Hagu, na ce hagu! Kai mai jar riga, turawa aka ce, ba jingina ba! Saura kaɗan! Waigi, waigi!"

Ba za a ce bai nemi mafita ba. Ya lallaɓa direban tarakta aka ɗaura igiya. Shi kuwa direba ya saba da jan garma, ya fizga fizgar da ta sa wutsiyar jirgi ta yi sama ta dawo ta daki ƙasa. Matuƙi ya yi rantsuwa cewa in ya sake ganin tarakta kusa da jirginsa, a nemi wani matuƙin. Aka aro shanun huɗa daga wani manomi. Shanu suka shaƙi warin magani, suka yi shawara tsakaninsu, suka nufi cikin auduga da jirgi a karkace, mutane na bin su da ihu. Bakanike ya huda bangon rumfa ta baya, ya zura igiya ya zagayo da ita jikin wata bishiya, wai a riƙa ja daga gangare. Wannan ta yi aiki har kusan ƙarshen damina, ranar da igiya ta tsinke masu ja suka zube a kan juna kamar buhuna.

Kyaftin ya ji labarin akwai wani inji mai naɗe igiyar ƙarfe, wanda in an kafa shi a cikin rumfa sai a danna maɓalli ya jawo jirgi da kansa. Ya kai maganar wurin manaja. Manaja ya ce bari a gama girbi. Aka gama girbi ya ce bari a gama shuka. Aka canja manaja, sabon ya saurare shi da kyau, ya yi dariya ya ce, "Haba Malam, ga ka kuma sai mu nemi wani inji? Ai kai ne injinmu." Kyaftin ya fito ofis bai san ko yabo aka yi masa ko zagi ba. Ya yanke shawarar ɗaukarsa a yabo.

A unguwa kuwa, a yi masa adalci, bai taɓa buɗe baki ya ce shi ke tuƙa jirgi ba. Kalma ɗaya ce kawai ya riƙe, ita ce "mun". "Yau mun tashi da wuri." "Yau mun sha fama da iska a wajen sauka." In jirgin ya gifta ta saman gari a ranar hutunsa, yara suka ce ga Kyaftin a ƙasa ga jirginsa a sama, sai ya ɗaga kai ya ƙanƙance ido ya ce, "Bai daidaita fiffiken hagu ba. Gobe zan yi masa magana."

Matarsa ce kaɗai ta san komai, don ita ke yi wa rigar aikin faci, ita ke shafa masa man zafi a gadon baya. Takan ɗaga takalminsa ta juya shi ta ce, "Wai ni Baban yara, wane irin tuƙi ne wannan da ke cin dunduniyar takalmi?" Amma a waje ba ta taɓa tona shi ba. Wata maƙwabciya ta kawo ɗinki ta ce, "Ke kuwa ba kya jin tsoro, mijinki kullum yana sama?" Ta cire allura daga baki ta ce, "Wallahi ni bayansa kawai nake ji wa."

Haka aka yi ta tafiya, yara suka girma, furfura ta fara leƙowa ta gefen hula. Labari kuwa ba ya bukatar kuɗin mota. Wani direba ya kai shi har garinsu Kyaftin, cewa ƙanen mai kanti yana can yana yawo da jirgin sama. Ana nan sai ga Yaya ya sauka a gidan, ya zo ganin likitan ido, don idanunsa sun fara yin hazo. Ya tsufa, amma harshen yana nan yadda aka san shi. Ya ƙare wa ɗakin kallo, ya ce labulen ya yi gajere. Bayan an ci abinci ya ce:

"Ashe kai ne har da jirgi? Kai da ko akuya aka ba ka riƙo sai ta tsere? To gobe sai ka kai ni in gani da idona."

Matar Kyaftin ta yi tari daga bakin keken ɗinki. Kyaftin ya ce, "Ai ba komai, Yaya."

Ya tsara abinsa tsaf. Zai kai Yaya da yamma, ya ajiye shi wurin maigadi a bakin ƙofar gona, su gama turawa, ya wanke fuska, sannan ya zo ya ɗauke shi ya nuna masa jirgi yana zaune lafiya a rumfarsa. Rabin shirin ya tafi daidai. An turo jirgi har bakin rumfa, wutsiya ta shiga, saura tayoyin gaba su haye ɗan tozon nan, sai hadari ya haɗo. Manaja ya aiko a zo a rufe audugar da aka shanya, kowa da kowa. Aka cusa waigi a tayoyin biyu, mutane suka watse a guje, har da bakanike. Matuƙi dama ya tafi wanka. Aka bar Kyaftin shi kaɗai yana haki.

Yana ɗagowa sai ya ga Yaya yana hawowa tudu, yana dogara lema. Zaman wurin maigadi ya ishe shi, don ya riga ya gama koya wa maigadi yadda ake gadi.

"Kai kuwa wannan gumi fa?"

Kyaftin ya share goshi ya ce, "Can sama rana ta fi kusa, Yaya."

Yaya ya zagaya jirgi, ya ƙwanƙwasa nan ya leƙa can. A karo na farko a rayuwarsa bai samu abin gyarawa ba. Ya zaro waya daga aljihu ya ce, "Shiga ka zauna in ɗauke ka hoto, in kai wa mutanen gida."

Kyaftin ya sha goge kujerar nan da tsumma, amma bai taɓa ɗora mazaunansa a kai ba. Ya duba hagu ya duba dama, ba kowa. Ya taka fiffike inda yake ganin matuƙi na takawa, ya zura ƙafa, ya zauna. Kujerar ta karɓe shi kamar dama shi take jira. Ya kama sandar tuƙi, ya gyara hula, ya haɗe fuska irin ta masu babban aiki.

Yaya ya ja da baya yana saita waya, sai ya tsaya. "Waɗannan katakan suna ɓata mini hoto. Sai ka ce motar da ta mutu a hanya."

"Bar su, Yaya, haka ake ajiye shi."

"Au, to. Ashe sai da katako kake iya riƙe shi. Ni na ɗauka ka iya ne."

Muryar nan ce dai ta da, ba abin da shekaru suka rage mata. Kyaftin ya gyara zaman hula. Ya ce, "Cire su, Yaya. Birki yana wurina."

Yaya ya sa ƙafa ya shure na hagu, ya zagaya ya shure na dama.

Da farko jirgin bai yi komai ba, kamar yana mamaki. Sannan ya ɗan yi ƙara, ya motsa. Kyaftin ya kai hannu inda birkin hannu yake a mota, ya damƙo iska. Ya jawo sandar tuƙi har cikinsa, ba abin da ya canja. Ya tattaka abin takawa na hagu da na dama, wutsiya ta shiga kaɗawa kamar ta kifi, ƙarfen jan wutsiyar yana biye yana ƙarar tsiya a kan tsakuwa. Ya hango wani jan hannu a gefensa ya fizge shi da duk ƙarfinsa. Ƙasan tankin magani ya buɗe, ragowar ruwan wankin tankin ya zubo ya yi wa Yaya feshi, wanda ke biye a guje yana kiran, "Tsaya mana in ɗauka!"

Tudun da Kyaftin ya san kowace tsakuwarsa da dunduniya, yau ga shi yana wucewa ta gabansa kamar ba su taɓa haɗuwa ba. Jirgi ya sauka gangare, ya ratsa filin sauka a karkace, ya daki wata 'yar kunya a bakin gona. Tayoyi suka rabu da ƙasa na ƙiftawar ido, suka dawo, suka nutse cikin taɓon sabuwar huɗa. Hanci ya yi ƙasa, wutsiya ta yi sama, goshin Kyaftin ya gaisa da gilashi. Sai shiru, ba ka jin komai sai yayyafin da ya fara sauka a kan fiffike.

Matuƙi ne ya fara isowa, da tawul a wuya da kumfar sabulu a kunne. Ya durƙusa ya duba farfela, ta lanƙwashe kamar cokalin da aka taka. Ya duba ƙafafun jirgi, ya duba ciki, sai da ya gama sannan ya ɗaga kai ya dubi mutumin da ke maƙale a kujerarsa.

"Kana da rai?"

"Ina jin haka, ranka ya daɗe."

"Birkin a saman abin takawa yake. Da yatsun ƙafa ake dannawa." Ya goge kunne da tawul. "Shekara da shekaru muna tare, da ka tambaye ni ai da na nuna maka."

Kyaftin ya shafa goshi. Ta yaya Kyaftin guda zai tambayi inda birki yake?

Ya yi zaton kora ce, har matarsa ta fara lissafin yadda za su koma ɗaki ɗaya. Amma matuƙi ya tsaya masa, ya ce duk tsawon shekarun nan ko ƙwarzane bai taɓa gani a fiffike ba. Sannan 'yan inshora suka zo duba ɓarna. Suka tsaya a gindin tudu suka ɗaga kai, suka tambayi manaja da me ake hawar da jirgi. Manaja ya ce da hannu. Suka sake tambaya, don sun ɗauka bai ji ba ne. Kafin sabuwar farfela ta iso, an kafa injin nan mai naɗe igiyar ƙarfe a cikin rumfa, an fasa tozon bakin ƙofa an shafe shi sumul. Abin da roƙo bai kawo ba, goshin Kyaftin ya kawo shi cikin 'yan makonni.

Sai dai ba shi aka ba maɓallin ba. Manaja ya ce mutumin da aka gwada shi da jirgi aka ga abin da ya yi, ba za a haɗa shi da lantarki ba. Aka ba bakanike. Kyaftin kuwa aka mayar da shi bakin ƙofar gona, ya gaji tsohon maigadi, aikinsa ɗaga sanda in mota ta zo, sauke sanda in ta wuce. Daga kan bencinsa yana hango bakanike da yamma, hannu ɗaya a aljihu, yatsa ɗaya a kan maɓalli, jirgi yana hawa tudu shi kaɗai kamar an kira shi cin abinci.

Bayansa ya warke. Takalmi ya fara shekara a ƙafarsa, har ɗan tumbi ya ajiye. Leburorin da ke ɓuya in sun hango shi yanzu su ke tsayawa su gaishe shi, su zauna su yi ta hira ba mai duba hanyar gudu. Matarsa ta ce tunda ta aure shi ba ta taɓa samun kwanciyar hankali irin wannan ba. Shi kuwa sai ya rage magana. Ya daina cewa "mun tashi". In mai shayi ya ce an sauka lafiya, sai ya ɗaga hannu kawai ya wuce. A kan wannan benci ya ƙarasa shekarun aikinsa, aka sallame shi da agogon bango da godiya.

Abin da bai sani ba shi ne yadda labari ya kaya a garinsu. Hoton da Yaya ya ɗauka ba a ganin komai a ciki sai ɗan yatsansa da gajimare, amma Yaya bai bukaci hoto ba. Da idanun nan nasa masu hazo ya tsaya a kan tudu ya ga abin da ya gani. Ya faɗa a kanti, ya faɗa a tasha, ya faɗa wa duk wanda ya zo sayen sabulu: ƙanensa ya tashi da jirgi ba tare da ya kunna inji ba, ya yi sama, ya sauke shi a tsakiyar gona don kada ya taka mutane. Kowace shekara jirgin yana ƙara nisa da ƙasa.

Bayan Kyaftin ya ajiye aiki sai ga Yaya ya sake zuwa, wannan karo har da tsaraba. Ya yaba labule. Ya zauna ya yi ta kewaye-kewaye, abin da ba halinsa ba, daga ƙarshe ya fito da ita. Babban ɗansa ne, magidanci har da 'ya'ya, kasuwa ta ƙi shi, noma ya ƙi shi. Yana so a turo shi nan, ƙanen uba ya koya masa tuƙin jirgi.

Kyaftin ya dubi tabarma. Sannan ya cire hula ya ajiye a gefe ya ce:

"Yaya, ni ban taɓa tuƙa jirgi ba. Tura shi nake yi. Da baya da baya nake jan wutsiyarsa in kai shi rumfa, aikina ke nan tun farko. Ranar da ka zo, ranar na fara zama a kujerar, kuma ban san inda birki yake ba. Gangarawa ya yi da ni."

Ya ji kamar ya sauke buhu daga kai. Ya ɗago yana jiran dariya, ko kuma tsohuwar maganar nan, wadda yau a shirye yake ya karɓe ta.

Yaya ya girgiza kai a hankali. "Ban yi zaton haka daga gare ka ba. In ba za ka taimaki yaron ba, ka ce ba za ka taimaka ba. Amma ka dubi tsabar idona ka ƙaryata abin da na gani?"

"Wallahi, Yaya, gaskiya nake faɗa maka. Tambayi Maman yara."

Matar ta tsayar da keken ɗinki ta ce, "Yaya, haka ne. Ni ke shafa masa magani a baya. Ko tsani ba ya son hawa."

Yaya ya dube ta ya dubi ƙanensa. "To, an haɗa baki ke nan. Dama an ce in Allah ya ɗaukaka mutum, danginsa yake fara mantawa."

Ba irin rantsuwar da Kyaftin bai yi ba. Ya ce a je wurin matuƙi a tambaye shi, Yaya ya ce ai abokin aiki ba zai ƙi rufa masa asiri ba. Washegari da safe ya ce a kai shi tasha. Kyaftin ya ɗaukar masa jaka har tashar. Da Yaya ya samu kujera kusa da taga, sai ya leƙo ya ce:

"Ba komai. Zan gaya wa yaron ka ce hannunka ya yi sanyi, tsufa ya zo. Ba zan ce ka ƙi ba, kada a zage ka a gari."

"Na gode, Yaya. A gaida gida."

Mota ta tashi. Kyaftin ya tsaya har ta sha kwana, sannan ya kamo hanyar gida a ƙasa. Ya tarar da matarsa ta tara rigunan 'yan makaranta a kan tabarma, an ce gobe za a zo karɓa. Ba ta tambaye shi yadda suka rabu ba. Ta miƙo masa gwangwanin maɓallai da allura ta ce ya fara da ƙananan, kuma ya riƙa ƙulla zaren sau biyu, don na jiya duk sun zube. Ya zauna a bakin ƙofa inda haske yake, ya lashi bakin zare, ya shiga neman kafar allura.